Najiba a Gidan Dogo

Shekarar da Najiba ta cika goma, dogon hutun makaranta ya zo daidai da lokacin da likita ya ce dole mahaifiyarta Sa'adiya ta kwanta a asibiti har ta sauka. Cikin Sa'adiya ya shiga wata takwas, ƙafafunta sun kumbura, jininta kuma ya hau. A Funtua suke zaune, amma Malumfashi aka kai ta, domin can likitan da ya saba duba ta ya koma da aiki. Ƙanwar Sa'adiya ta zo daga Gusau don ta yi jinya, sai dai ba a barin yara su kwana a ɗakin marasa lafiya.

Mahaifin Najiba, Malam Aƙilu, direban motar hatsi ne. In ya ɗauki masara daga kasuwar Funtua ya nufi kudu, sai ya yi kwana biyar bai dawo ba. Ya zauna ya yi tunani, ya ga babu inda hankalinsa zai kwanta ya bar 'yarsa sai wurin yayarsa.

"Gidan Gwaggo Tsohuwa za ki," in ji shi. "Kusa yake da Malumfashi. Duk ranar kasuwa za ta kai ki ki ga Ummanki."

Najiba ta sunkuyar da kai. Ta san Gwaggo Tsohuwa, amma sanin nesa. Sau biyu a shekara takan zo Funtua da sabuwar masara ko gyaɗa, ta ɗauko kayan a kafaɗa maimakon a ka, ta zauna a tsakar gida tana magana da ƙarfi kamar wadda ke kiran wani a gona, kafin la'asar ta tafi. Najiba ta san ita da mijinta Maguzawa ne, ba sa salla. Ba ta taɓa faɗa wa ko ɗaya daga ƙawayenta na Islamiyya cewa tana da irin waɗannan dangi ba.

"Abba, ba za ka bar ni gidan su Nana Aisha ba?"

"Da 'yar'uwata a raye, in kai ki gidan maƙwabta? Haɗa kayanki."

Daga Malumfashi babur suka hau. Damina ta yi nisa, hanya duk taɓo, dawa ta kai ƙirjin mutum hagu da dama. Bayan sun ƙetare wani rafi suka hango gidan shi kaɗai a tsakiyar gonaki, da rumbuna biyar a jere da wata babbar tsamiya a bayansa. Gidan Dogo ake kiran wurin, da sunan mijin Gwaggo. Tun kafin su sauka karnuka biyu suka taso da haushi. Najiba ta ƙanƙame rigar mahaifinta.

Gwaggo ta fito da fartanya a hannu, kanta babu ɗankwali, zanenta ɗaure a ƙirji, taɓo har gwiwa. Doguwa ce siririya mai tsage a kumatu. Sunan kakarsu aka sa mata, shi ya sa ake ce mata Tsohuwa tun tana goye, yanzu kuma shekaru sun fara cim ma sunan.

"Nomau!" ta ƙwala. "Kai ne tafe? Dogo, fito, ga Nomau da ɗiyatai!"

Najiba ta waiga ta ga wa ake kira Nomau. Sai ta ga mahaifinta, wanda mutanen unguwa ke ce wa Malam Aƙilu, ya durƙusa har ƙasa yana cewa, "Yaya, mun same ku lafiya?"

Baba Dogo ya fito daga zaure sai da ya sunkuya, don ƙofar ta yi masa gajarta. Lofe ne a bakinsa yana hayaƙi. Ya dubi Najiba daga sama har ƙasa, hijabinta fari, takalminta mai igiya, ya ce, "Wagga malama ce aka kawo mamu. To, malama, ki yi haƙuri da mu."

Aƙilu bai daɗe ba, yana da lodi washegari. Da ƙarar babur ɗin ta ɓace, Najiba ta zauna kan jakarta a ƙofar ɗaki tana kallon gidan. Komai nasu dabam ne. Matan gidan suna shiga suna fita yadda suka ga dama, kowace da fartanyarta da 'yar gonarta. Maza da mata suna hira wuri ɗaya suna ƙyalƙyala dariya. Kare yana kwance kusa da murhu babu mai korarsa. A gindin tsamiya ta hango wani dutse da gashin kaza manne a jikinsa, ta yi sauri ta kau da kai. A kusurwar tsakar gida kuma akwai wata rumfa da manyan tukwane baƙaƙe, wani tsami-tsami yana tasowa daga wurin. Ba sai an faɗa mata ba, ta gane giya ake dafawa a nan.

Da yamma Gwaggo ta ajiye mata tuwon dawa da miyar kuɓewa, har da tsoka biyu a kai.

"Na ƙoshi," in ji Najiba.

"Mi kika ci?"

"Mun ci a hanya."

Gwaggo ta dube ta, ta ɗauke kwanon. Najiba ta shiga ɗaki ta ci biskit uku daga cikin wanda mahaifinta ya saya mata a tasha. Washegari da safe aka kawo koko, ta ce cikinta na ciwo. Da rana aka kawo ɗanwake, ta ce ba ta cin ɗanwake, alhali duk duniya babu abin da take so kamarsa. Biskit ya ƙare kafin azahar. Ta zauna tana jin cikinta yana ƙugi, hawaye na taruwa a idonta.

Gwaggo ta dawo daga gona, ta wanke ƙafa, ta tsaya a kanta.

"Taso in nuna miki wani abu."

Ta kai ta wani ɗan ɗaki a gefen rumbuna, ta kwance igiyar ƙyauren. Ɗakin a share yake tas. Akwai tabarma a naɗe, da buta, da tukunyar ƙarfe ɗaya, da kwanuka biyu da ludayi, duk a kife kan wani ɗan benci.

"Ɗakin ubanki ke nan," in ji Gwaggo. "Yana da shekara sha bakwai ya tafi Funtua yaron mota, ya dawo ya ce ya musulunta, sunansa Aƙilu. Babanmu ya yi fushi, shekara uku bai yi mashi magana ba. Shi kuma in ya zo sai ya zauna da yunwa kamar yadda kike yi yanzu, yana tsoron tukunyarmu. Na ce ƙanena ba zai zo gida ya koma da cikinsa wayam ba. Na taka har Malumfashi na sayo wagga tukunya. Tun ran nan ba a taɓa dafa komai cikinta ba sai abin da zai ci. Tuwon jiya a cikinta na yi. Kazar kuwa, Dogo ya ɗaure ta a keke ya kai wa Malam Sada a ƙauyen gaba ya yanka. In ba ki yarda ba, je ki tambayi ƙafafun Dogo, har yanzu suna mita."

Najiba ta dubi tukunyar, ta dubi ƙasa.

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Ai ba ki tambaya ba. Ga buta nan, ga tabarma. Gabas ta wajen rumbun can ne. Ɗanwaken yana nan, sai dai ya huce."

Najiba ta cinye shi tas, har ta suɗe kwanon.

Daga ran nan zama ya fara daɗi. Gwaggo ba ta da agogo, amma da inuwar rumbu ta kai bakin turmi sai ta ce, "Malama, lokacinki ya yi," Najiba ta ɗauki buta. In tana salla, Gwaggo kan kori karnuka zuwa bayan gida, ta hana yara wucewa ta gabanta. Ta yi mata wata 'yar fartanya daidai hannunta, ta koya mata bambanta ciyawa da gyaɗa, ta nuna mata yadda ake gane masarar da ta isa gashi. Ranar farko hannun Najiba ya yi ƙanta, ta yi kuka, Gwaggo ta shafa mata man kaɗanya tana yi mata dariya. Baba Dogo kuma kullum da tambayarsa.

"Malama, a makarantarku an koya muku dalilin da ya sa akuya ba ta son ruwan sama?"

"A'a."

"To, mi ake koya muku?"

In ta karanto masa abin da ta haddace, sai ya cire lofe daga baki ya saurara har ta kai aya, ya gyaɗa kai ya ce muryarta ta fi ta rediyo.

Ranar kasuwa suka tafi Malumfashi. Gwaggo ta saka riga da ɗankwali saboda shiga gari, tana ta ƙorafin ɗankwalin na matse mata tunani. Ta kai wa Sa'adiya dafaffen ƙwai da zogale, ta zauna bakin gado tana matsa mata kumburarrun ƙafafu. Da ta fita neman ruwan zafi, Najiba ta matso kusa da mahaifiyarta.

"Umma, Gwaggo tana da kirki."

"Sai yau kika sani? Ita ta yi mini wankan jego da na haife ki. Kwana arba'in tana gidanmu."

"To, Umma..." Najiba ta yi ƙasa da murya. "Ba ta salla. Kuma tana dafa giya. Ina jin tsoro kada a sa ta a wuta."

Sa'adiya ta kama hannun 'yarta.

"Shiriya a hannun Allah take, Najiba. Ke dai ki yi mata addu'a, ki yi mata biyayya, ki riƙe addininki. Abbanki shekara nawa yana yi mata addu'a, kin taɓa jin ya ɗaga mata murya?"

Najiba ta ce a'a. Amma maganar ba ta bar zuciyarta ba. Kullum ƙaunar Gwaggo na ƙaruwa a ranta, kullum tsoron na ƙaruwa tare da ita.

A makon nan ne Baba Dogo ya kira gayya. Dawarsa ta isa huɗa, gonar kuma ta fi ƙarfin mutanen gida, don haka ya aika gidajen Maguzawan da ke kewaye, mutum wajen talatin suka amsa za su zo ranar Laraba da garemaninsu. A gayya ba a biyan kowa lada, abinci da abin sha kawai mai gona zai tanada. Gwaggo ta yi kwana bakwai tana shiri. Ta jiƙa dawa, ta shanya ta har ta yi tsiro, ta kai niƙa, ta kwana biyu tana dafawa tana tacewa, hayaƙi ya mai da idanunta jajawur. Ranar Talata aka cika manyan tukwane biyu aka rufe da faifai.

Da hantsi kowa ya tafi gona. Najiba ta ce kanta na ciwo, aka bar ta a gida. Ta daɗe tsaye a bakin rumfar tana kallon tukwanen. A ranta tana cewa, in babu giyar, ai babu zunubin. Gwaggo za ta yi faɗa, amma wata rana za ta gode mata. Ta gwada tura tukunyar farko, ta ji ko motsi ba ta yi. Sai ta ɗauko ƙwarya ta riƙa kamfata tana kaiwa bayan danga tana zubarwa, tana toshe hanci da gefen hijabi. Ta yi sawu ya fi a ƙirga. Da tukunyar ta yi sauƙi ta kifar da sauran. Ta biyun ma haka. Kafin azahar ta gama, ƙasar bayan danga ta jiƙe sharkaf, ƙudaje sun taru, kaji suna tsattsaga wurin.

Ta wanke hannu ta zauna tana jiran ta ji daɗin abin da ta yi. Daɗin bai zo ba.

Da la'asar Gwaggo ta shigo da damin ciyawar awaki a kafaɗa. Warin ne ya fara tarar ta. Ta sauke damin, ta leƙa rumfa, ta bi sawun jiƙa har bayan danga, ta dawo. Najiba na zaune a ƙofar ɗaki, gefen hijabinta duk ya yi ɗigo-ɗigo ja.

"Ke kika yi?"

"Ni ce. Haramun ce, Gwaggo. Ba na so a ƙona ki."

Najiba ta zaci za a dake ta, har ta ɗaga hannu ta kare fuska. Gwaggo ba ta taɓa ta ba. Ta jawo turmi ta kifa ta zauna a kai, ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Najiba," in ji ta. Ran nan ne karo na farko da ta kira ta da sunanta. "Kwananki nawa a gidan nan?"

"Sha shida."

"A kwana sha shidan nan, na taɓa taɓa butarki? Na taɓa cewa zo ga tsamiya ki durƙusa? Na taɓa miƙa miki ƙwarya na ce ɗanɗana?"

"A'a."

"To, ni mi ya sa kika taɓa nawa?"

Najiba ta sunkuyar da kai. Gwaggo ta ci gaba.

"Gobe mutum talatin za su bar gonakinsu su zo su yi wa Dogo aiki tun safe har rana ta karkata. Da wane ido zai dube su? Dawar nan kuma da kika zubar, da hannuna na noma ta bara. Ba daga sama ta faɗo ba."

Ta tashi ta shiga ɗakinta. Najiba ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka kwantar da Ummanta. Da duka aka yi mata da ya fi mata sauƙi.

Baba Dogo ya dawo ya tarar da zancen. Ya je ya leƙa tukwanen da kansa, ya ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa ya ji ta yi ƙara, ya ce, "Kai!" Ya zauna a zaure ya cusa taba a lofe, amma bai kunna ba.

Can Gwaggo ta fito da ƙwaryar gero, ta dire a gabanta.

"Share hawayenki. Kuka ba ya shayar da mutum talatin. Tunda kin zubar da nawa, sai ki yi musu naki. Ɗauko taɓarya."

Suka surfa gero, suka wanke, suka jiƙa tsamiya. Sauran matan gidan suka kawo nasu turamen ba tare da sun ce wa Najiba uffan ba, wanda hakan ya fi zagi ciwo. Aka yi ta daka har rana ta faɗi. Hannun Najiba ya fashe a wuri biyu, ba ta ce ta gaji ba. Da asuba, tana idar da salla, ta tarar Gwaggo ta riga ta hura wuta. Suka dama kunun tsamiya tukunya uku, da citta da kanumfari da barkono kaɗan, ban da tuwo da dafaffen wake da matan suka yi.

Tun da sassafe 'yan gayya suka iso, da mai ganga a gabansu. Suka jeru a bakin gona, ganga ta tashi, garemani suka riƙa faɗuwa tare suna tashi tare, ƙasa baƙa tana kifuwa a gindin dawa. Najiba ba ta taɓa ganin aiki mai kyan kallo haka ba, amma hankalinta na kan tukwanen kunu. Da rana ta take, aka tsaya hutu a inuwar wata ɗorawa. Mata suka sauke abinci. Wani dattijo mai furfura ya buɗe tukunyar farko, ya shinshina, ya buɗe ta biyu, ya ɗago kai.

"Dogo, mi nike gani? Kunu? Suna muka zo ko gayya?"

Aka fara gunaguni. Wani ya ce da ya sani da ya tsaya gonarsa. Baba Dogo ya miƙe yana sosa ƙeya, ya buɗe baki zai yi magana. Najiba ta ga yadda dogon mutumin nan ya rasa inda zai sa idonsa, sai ta ji ƙafafunta sun kai ta tsakiyar taron ba ta shirya ba. Ta durƙusa.

"Ba laifin Baba Dogo ba ne. Gwaggo ta dafa, ni na zubar. Ku yi haƙuri. Baba Dogo, ka yi haƙuri."

Dattijon ya dube ta.

"Ɗiyar wa ce?"

"Ta Nomau ce," in ji Gwaggo daga baya.

"Tukunya nawa?"

"Biyu. Manyan."

"Ita kaɗai? Da waɗannan 'yan hannuwan?" Dattijon ya riƙe baki. "Dogo, wagga ai garma ya kamata ka ba ta, da yanzu an gama gonar!"

Dariya ta ɓarke. Baba Dogo ya fi kowa yi, har da dafa bishiya. Ya sunkuyo ya ɗaga Najiba tsaye, ya kakkaɓe mata gwiwa.

"Ya wuce, malama. Amma ke za ki raba kunun nan, kowa ya harare ki son ransa."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ludayi da ƙwarya. Wasu suka karɓa suna tsokanarta, wasu suka karɓa fuska a ɗaure. Mutum huɗu suka ɗauki garemaninsu suka tafi bayan cin abinci, don haka ba a gama gonar ran nan ba. Sai da Baba Dogo da mutanen gida suka ƙara kwana uku a kan abin da ya rage. Najiba ta bi su duk kwana ukun, tana tsince ciyawa tana kai ruwa, ba wanda ya sa ta.

A rana ta ukun, suna dawowa ita da Gwaggo ta bakin rafi, Gwaggo ta tsaya wanke fartanya.

"Gwaggo, har yanzu kina fushi?"

"Na yi na gama. Ni fushina kwana biyu ne, in ya wuce haka ciwon kai yake sa ni." Ta yarfe ruwan hannunta. "Na san don kina so na kika yi. Da ƙiyayya ce da tuni na aika an kira ubanki. Amma ki ji, in kina son mutum, ki faɗa mashi da baki. Kada ki bi ta bayansa."

"To, in na faɗa miki da baki, za ki bari?"

Gwaggo ta yi dariya har tsagen kumatunta suka haɗe.

"Faɗi dai. Ubanki ma yana faɗi. Ni a nan na tarar da uwata da kakata, nan na sani. Allah ɗaya ne ya yi mu duka, Shi ya san yadda zai yi da ni."

Najiba ba ta gamsu da amsar ba, Gwaggo ma ta san ba ta gamsu ba. Suka hau hanya tare, Najiba na riƙe da fartanyoyin biyu.

Bayan kwana tara Aƙilu ya iso a babur yana washe baki tun daga nesa. Sa'adiya ta sauka lafiya, an sami namiji. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har karnuka suka firgita. Kafin ya gama shan ruwa ta ɗaure kayanta, ta bar wa Dogo umarni kan awaki da gyaɗarta, ta ce a tafi. A hanya Najiba ta faɗa wa mahaifinta abin da ta yi da bakinta. Ya tsayar da babur, ya juyo zai yi faɗa, Gwaggo ta buge masa kafaɗa ta ce an riga an gama wannan shari'ar, ya ja su tafi.

Aka raɗa wa jariri suna Zainulabidin. Gwaggo ta gwada faɗa sau uku harshenta na sarƙewa, ta haƙura ta ce ita yaro za ta riƙa ce masa har ya girma ya koya mata. Ta zauna a Funtua kwana arba'in tana dafa ruwan wanka da kunun kanwa, a ɗakin Najiba take kwana. Zaman gida ya ishe ta tun a mako na farko, ta sami wani ɗan fili a bayan gidan da ake zubar da shara, ta share shi ta shuka alayyafo da yakuwa. Matan maƙwabta da suka fara da leƙe ta katanga suka koma zuwa da kansu, wannan a duba mata yaro mai kumburin ciki, waccan a nuna mata yadda ake daddawa.

Ranar da za ta koma, Najiba ta raka ta bakin titi neman Keke Napep zuwa tasha. Suna tsaye, Najiba ta ce, "Gwaggo, kullum in na yi salla ina yi miki addu'a."

"Kullum?"

"Sau biyar."

"Mi kike cewa?"

"Allah Ya shirye ki, Ya ba ki tsawon rai."

Gwaggo ta dubi motocin da ke wucewa. Sannan ta dafa kan Najiba.

"To, ki ci gaba. Amma ki haɗa da gwiwata ta hagu, tun shekaranjiya take damuna. Dogo kuma haƙori ne."

Mai keke ya tsaya. Gwaggo ta shiga tana rigima da shi kan ya matsar da buhun da ya tare mata wuri, ta leƙo ta ce in an yi hutun kaka a zo a taya ta cirar gyaɗa. Najiba ta ce za ta zo, kuma ta je, a wannan shekarar da shekarun da suka biyo baya.